Tsohon injin yankan itace: yadda zaka gane shi, da yadda zaka tada shi

Duk wanda ya tsinci tsohon injin yankan itace, ko gado yaci ko a wajen 'yan gwangwan ya saya, abu na farko da hannunshi ke kaiwa shine igiya, yana so yaja yaji ko zai tashi. Dan Allah kar kaja. Injin da yayi shekara goma a kwance fistin ɗinshi a bushe yake, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, wani ma zanzaro ya gina ɗaki a cikin salansa, ja ɗaya da ƙarfi ya isa ya karce silindar da da zata ƙara maka shekaru. Nawa na Kawu ne, Allah ya jiƙanshi, a ɗakin shirgi na gidanmu na Tudun Wada na same shi ƙarƙashin buhunan gawayi, kuma sati biyu nayi ina aiki a kanshi kafin na bari ya sha fetur.

Ka fara da sanin waye a gabanka. Samu kalanzir da tsohon buroshin goge baki ka wanke jikin, rubutun duk yana nan ƙarƙashin dauɗa. A ƙasar nan babban tsohon injin da zaka fi cin karo dashi Stihl 070 ne, ɗan Jamus, tun 1968 aka fara ƙera shi, cc 106 gareshi kuma kan kaɗai ba sarƙa ya haura kilo goma, shine wanda ofaretocin kudu ke tsaga katako dashi a daji. Akwai yayanshi 090 mai cc 137, a ido kusan kamarsu ɗaya, dukkansu daga Contra na 1959 suka samo asali. Husqvarna na Suwidin ma ana samu, irin su 61, shi jikinshi ruwan lemo ne kuma ya fi sauƙin ɗauka.

To in farantin sunan ya ɓalle fa? Nan ne lambobin da aka zuba a jikin ƙarfen ke aiki. Kayan Stihl lamba 11 suke da ita, huɗun farko su ke faɗa maka dangin injin, 1106 dangin 070 da 090 ne, 1119 dangin 038 ne, 1122 kuma su 066. Ka ɗauki hoton lambar a waya domin da ita zaka je kasuwa. Lambar siriyal kuma an buga ta ne a jikin injin kanshi, in ta fara da 1 ƙirar Jamus ce, 2 Amurka, 3 Burazil. In kaga an rubuta West Germany to kasan an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990, wannan ka riƙe shi hannu biyu. In kuma sunan ya fara da MS ba wani tsoho bane can, sai bayan shekarar 2000 suka koma wannan salon suna.

Sai maganar jabu, wadda ita tafi cin mutane. 070 na cikin injinan da aka fi kwaikwaya a Chana, fenti iri ɗaya, sitika iri ɗaya. Wani maƙwabcina ya taɓa sayen ɗaya a hannun wani mai shago da ya rantse mashi cewa ɗan Beljiyam ne, da muka buɗe ba tambarin kamfani ko ɗaya a jikin silinda ko fulawil (faifan da igiya ke juyawa), bakin ƙarfen duk kaushi kamar an fasa da guduma, sukurorin kuma taushi, sifana na kamawa suna cinyewa. Na asali zubin ƙarfenshi sumul yake kuma kusan kowane yanki na ɗauke da tambari da lambarshi. Ba wai ɗan Chana baya aiki bane, yana yi, amma kar ka biya kuɗin asali a kanshi. Kuma da yawa gauraye ne, jiki na asali silinda ta Chana, to ka duba yanki yanki.

Yanzu kafin ka kashe ko sisi, kwance salansa. Wannan shine matakin da nafi so mutane su riƙe. Ta ramin da hayaƙi ke fita zaka ga gefen fistin da ringi ƙiri ƙiri, haska da tocilan waya, cire fulogi, ɗiga man tu-sturok (wanda ake haɗawa da fetur) kaɗan ta ramin fulogin, sannan kaja igiya a hankali kana kallo. In fistin na sheƙi, ringi na motsi in ka taɓa shi da tsinke, alhamdulillahi kayi sa'a. In kaga zane zane daga sama zuwa ƙasa kamar kyanwa ta yaƙushe shi, to an taɓa tada shi da fetur zalla ba man haɗi ko ya sha iska ta inda bai kamata ba, sai sabon fistin, wata sa'a har silinda. Na Kawu da na haska wallahi sai da naji wani sanyi a raina, fes yake, ɗan baƙin hayaƙi ne kawai a saman. Bayan ka maida fulogi ɗaga injin da igiyar tayarwa, in ya zube ƙasa sululu kamfireshan (ƙarfin matsin iska a silinda) ya tafi, in yana sauka yana tsayawa yana turjewa to da sauranshi. Mai geji ya auna, 120 psi zuwa sama lafiya lau, ƙasa da 100 akwai aiki.

Daga nan sai wuta. Sa fulogi a kan wayarshi, jingina ƙarfen da jikin silinda, ja igiya a inuwa, shuɗin tartsatsi kake nema. Tazarar bakin fulogi 0.5mm, NGK BPMR7A ko Bosch WSR6F su ke shiga yawancin Stihl. Tsofaffin 070 foyin da kwandansa suke amfani dasu wajen bada wuta, suna ƙarƙashin fulawil, sau da yawa tsatsa ce kawai ta hau bakin foyin ɗin, ɗan gogawa da sanfefa mai laushi sai wuta ta dawo, ba sai ka canza kwayil ba. Kar ka bugi fulawil da guduma wajen cirewa, kai wa bakaniken da ke da abin zaro shi.

Ɓangaren mai kuwa ba a ciniki, duk wata roba a canza ta. Tsohon fetur in ya bushe yakan zama kamar ƙaro, ya toshe komai. Wanke tanki, sabon tiyo, sabuwar filtar cikin tanki, sannan kafireta. Na 070 yawanci Tillotson ne, akwai wata siririyar roba a ciki wadda ita ke tura mai, in ka taɓa kaji ta bushe tana ƙaras ƙaras kamar ganyen masara ta mutu, sai sabon kit. Ni a Sabon Gari na samu fulogi da tiyo, kit ɗin kafireta kam sai da na sauka Panteka a Kaduna. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance saboda jerin gaskit da robar, in ka juya su injin bazai tashi ba ko ka kwana kana ja. Sil ɗin kuranshaf guda biyu suma a canza, su ne ke barin iska ta saci hanya har fistin ya ƙone, alamarsu injin ya dinga haurawa da kanshi a silo (yana tashe ba a matsa wuta ba) ko ya canza murya in ka kwantar dashi gefe.

Haɗin mai: da man tu-sturok mai kyau na kamfani 50:1 ne, wato 100ml a lita 5. In baka yarda da ingancin man ba yi 25:1, 200ml a lita 5. Baƙin man mota da wasu ke zubawa a fetur shi ke cika salansa da gawayi ya maƙale ringi. A tankin man sarƙa ma kar a zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota, yana cinye famfon.

Sarƙar 070 mai girman .404 ce, magagari mai zagaye na 5.5mm ke wasa ta, a karkace digiri 30 in gunduwa zaka yi, wajen digiri 10 in tsaga katako ne a tsaye. Haƙoran sama su kalli gaba. Ɗaurin kuma kar ta yi lilo a ƙasan dogon ƙarfen da take zagayawa, amma ka iya janta da hannu, da safar hannu dai.

Ranar tayarwa, sukurorin saita mai na jikin kafireta, H da L, ka ɗaure su a hankali har su tsaya, kar ka matse, sannan ka warware kowanne zagaye ɗaya. Aje injin a ƙasa, danne shi sosai, a kori yara daga wajen, ja cok, danna maɓallin rage kamfireshan, ja har yayi tari, buɗe cok ka sake ja. Barshi ya ɗumama a silo, sarƙa kar ta juya a silo. In ka matsa wuta yana ɗan gurnani kamar mai mura, ya washe in ya shiga itace, daidai kenan. In yana ihu siriri kamar sauro to mai bai ishe shi ba, kashe ka ƙara buɗe H. Nuna bakin dogon ƙarfen sarƙar ga kwali ka matsa wuta, ya kamata kaga layin man sarƙa ya fantsamu.

Wani abu da nake roƙo a ɗauka da gaske, waɗannan tsofaffin da yawansu basu da birkin sarƙa. In saman bakin ya taɓa itace injin fuskarka yake yowa, ba abin da zai tsayar da sarƙar. Hannu biyu ko yaushe, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ba a yanka sama da kafaɗa, ba silifas, ba babbar riga ko jallabiya mai lilo, a toshe kunne a sa gilashi. Bishiya mai rai kuma sai da izinin ma'aikatan gandun daji, rimayen Zariya da muka taso muna gani kullum raguwa suke, ni ban gyara nawa dan in ƙara a kai ba.

Aikin farko da yayi wani iccen dogon yaro ne da iskar farkon damina ta kayar ya rufe mana lungu. Wani dattijo abokin Kawu yaji ƙarar daga zaurenshi ya fito da carbi a hannu, ya tsaya yana kallo har na kashe, sai yace "Yaro, ashe injin Malam na nan da rai?" Nace yana nan Baba. Ya shafa tankin, yace in ƙara buɗe L kaɗan, wai tun a hannun Kawu haka yake so in ana sanyi. Na ƙara, silon ya zauna, muka ci gaba da gunduwa har la'asar.