Yadda za ka haɗa sabuwar na'urar gem a falonka, ta yi maka wasa ta yi maka kallo

A gidajen Hausawa da dama na Makka da Jidda da Madina, na'urar gem ta daina zama kayan yara kaɗai. Yara su buga ƙwallo bayan La'asar, da daddare kuma iyali su taru a kunna YouTube ko fim. Sai dai abin da na sha gani shi ne, da an shigo da kwalin yara za su yi masa caa, kafin maigida ya cire takalmi sun jona, sun buɗe asusu da sunan ƙasar da suka ga dama. Alhali wasu abubuwan da ake yi a wannan dare na farko ba sa gyaruwa. Shi ya sa nake ganin babba ne ya kamata ya zauna ya haɗa ta da kansa, ko da bai taɓa riƙe hannun gem ba. Bayanina zai fi karkata ga PlayStation 5 (PS5), wadda a nan aka fi kira da Sony, don ita ta fi yawa a gidajenmu. Inda Xbox ta bambanta zan faɗa.

Tun kana shago

PlayStation 5 da Xbox Series X da Series S duk a watan Nuwamban 2020 suka fito. Tambayar farko da za ka yi wa mai shago ita ce: wannan tana cin faifai ko ba ta ci? Idan kana son kallon finafinan Blu-ray, ko kana son ka riƙa musayar faifan gem da maƙwabta da sayen na hannu, to mai cin faifai za ka ɗauka. Series S ba ta da wurin faifai sam. PS5 Pro da ta fito a 2024 ma babu, sai ka saya daban ka maƙala. Siririyar PS5 da aka fitar a ƙarshen 2023 akwai mai faifai akwai marar shi, kuma a haɗin farko sai an jona ta da intanet kafin wurin faifan ya fara aiki.

Ko a Jarir ka saya, ko eXtra, ko Amazon, ko Noon, ka tambaya ko kayan wakilin Saudiyya ne, ka karɓi rasit da takardar garanti ka adana. Wadda aka shigo da ita daga wata ƙasa takan fi sauƙin kuɗi, amma ranar da ta lalace za ka gane araha ba ta ado. Ka ƙara hannun gem na biyu tun yanzu. Guda ɗaya ne ke cikin kwali, kuma gidan da ke da yara biyu da hannu ɗaya ba ya rabuwa da rigima.

Wurin da za ta zauna

Nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Kamfanin Sony ya ce a yi amfani da ita a zafin da ke tsakanin digiri 5 zuwa 35, a kuma bar mata aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango. Wanda ya san Makka a watan Yuli ya san ɗakin da aka kashe wa esi ba ya daɗewa kafin ya haura wannan. Don haka kada ka cusa ta cikin kabad mai ƙofar gilas da ke ƙarƙashin talabijin, komai kyan da hakan zai yi wa falon. Iska mai zafi ta bayanta take fita. Idan ta rasa hanya sai ta dawo ciki, fanka ta yi ta ƙugi, daga baya na'urar ta fara kashe kanta.

Kada kuma a ajiye ta a kan kafet, ko da kuwa zaman ƙasa kuke yi a majalisa. Kafet na tara ƙura, ita kuma zuƙa take yi. A samo ɗan tebur. Uwargida kuma a roƙe ta alfarma biyu: kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana kunne, kuma kaskon turaren wuta ya yi nesa da ita, domin hayaƙin na haɗuwa da ƙura ya daskare a cikin fanka. Tsaye ko kwance duk ɗaya ne, in dai ka sa mata ƙafafunta. Siririyar tana zuwa da ƙananan ƙafafu biyu na kwanciya, na tsayuwa kuwa daban ake sayarwa.

Wuta ba ta da wani dogon bayani. Ta Saudiyya bolt 230 ce, filogi mai baki uku, amma tsofaffin gidaje a unguwanninmu har yanzu akwai masu soket na 127. Duba rubutun da ke jikin na'urar ka ga abin da take ɗauka. Ka guji jona ta a ruɓaɓɓen soket ɗin ja da ake haɗa hita da dutsen guga a kai.

Wayar hoto da ramin da ya dace

Ka yi amfani da wayar HDMI da ta zo a cikin kwalin, ba tsohuwar ta risiba ba. Ta kwalin PS5 samfurin 2.1 ce, tana iya ɗaukar hoton 4K sau 120 a daƙiƙa. Sannan ka leƙa bayan talabijin da fitilar waya. Ramukan HDMI kama suke da juna, amma ba aikinsu ɗaya ba. A jikin wasu za ka ga an rubuta 4K 120Hz ko an zana hannun gem. Nan za ka sa. Wani ramin kuma an rubuta masa ARC ko eARC, wannan na sifika ne, ka bar shi tukuna.

Idan talabijin ɗinka ba ta da 120, babu damuwa, yawancin wasanni a 60 ko 30 suke tafiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka shiga saitin talabijin ka buɗe wa wannan ramin cikakken ƙarfinsa, don wasu a kulle suke zuwa. Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, talabijin ɗin Sony kuma Enhanced format. Idan ba ka kunna shi ba, kana iya shekara kana kallon hoto marar armashi kana zaton iyakarsa ke nan. Daga nan ka sa talabijin a Game Mode. Shi ke rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, kuma yaron da ke buga ƙwallo zai ji bambancin nan take.

Na'urar za ta nuna maka shafuka uku na daidaita HDR, wato tsarin haske da duhun hoto, kowanne da wata alama mai kama da rana. Kada ka yi ta danna gaba. Ka ƙara ko ka rage haske har alamar ta kusa ɓacewa, sai da ƙyar kake hango ta, sannan ka wuce. Ka yi wannan a irin hasken da kuka saba zaman kallo, ba da tsakar rana labule a buɗe ba.

Asusu: a nan ake tafka kuskuren da ba ya gyaruwa

Ƙasar da ka zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation ba ta canzuwa har abada. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa, Saudiyya kuwa tana ciki, kuma tunda a nan kake zaune ita za ka zaɓa. Dalilin shi ne katin kuɗin da ake sayarwa a shagunan nan na asusun Saudiyya ne, ba zai shiga asusun Amurka ko Ingila ba. Haka ƙarin kayan wasa da ake saya daga baya, dole yankinsu ya dace da yankin faifan. Faifan gem kansa yana aiki a kowace na'ura, amma ƙarin ba ya hawa idan yanki ya saɓa. Kada ka yi mamakin ganin farashi da dalar Amurka a kantin PlayStation na Saudiyya, haka tsarinsa yake. Xbox ta fi sassauci, tana bari a sauya ƙasa.

Ka buɗe asusun da imel ɗinka, da ranar haihuwarka ta gaskiya, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Masu tallan asusu cike da wasanni a farashin banza, ka rabu da su. Asusun ba naka ba ne, ran da mai shi ya sauya kalmar sirri kuɗinka sun tafi, kuma hakan ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin.

Yanzu sai yara. Kowane yaro ka buɗe masa nasa asusun a ƙarƙashin naka, ta wurin Family and Parental Controls, da shekarunsa na gaskiya. Na san yaro zai yi ta magiya a ƙara masa shekaru, kada ka yarda. Da asusun yaro ne za ka iya ƙayyade awa nawa zai yi a rana, da lokacin da za a rufe, har na'urar ta fitar da shi da kanta idan lokaci ya cika. Sai ka tsara yadda wasa zai ƙare kafin Magariba, ranakun makaranta daban, Juma'a da Asabar daban. A nan ne kuma za ka hana shi hira da baƙi, ka bar kuɗin da zai iya kashewa a wata a kan sifiri. Ka sa wa naka asusun lambar sirri, in ba haka ba duk wannan tsari aikin banza ne, naka zai shiga. Wajen sayen faifai kuma ka duba lambar shekaru da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Saudiyya ke maƙalawa a bango: 3, 7, 12, 16, 18, 21. Ba ado ba ne.

Wani abu da ya dame ni ƙwarai: hannun PS5 yana da makirfo a jikinsa. Yaro na wasa da mutane ta intanet, duk maganar da ake yi a falo, har muryar mahaifiyarsa da yayyensa, tana iya zuwa kunnen wanda ba ku sani ba. Akwai ɗan maɓalli a ƙasan tambarin PS, idan ka danna ya kawo ruwan lemo to ya rufe. Amma ya fi kyau ka shiga Sound, ka shiga Microphone, ka saita ya riƙa tashi a rufe.

Intanet da wurin ajiya

Da ta hau intanet za ta nemi sabunta manhajarta, ka bar ta ta gama, kada a zare wuta. Idan faiba gare ka, ta stc ko Mobily ko wani, ja waya daga rauta zuwa bayan na'urar ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba, musamman a benayen da kowane gida ke da nasa rautan. Mai rautan 5G kuma ya duba ko tsarinsa na da iyaka, don manyan wasanni na haura gigabait 100 kowanne. PS5 ta farko gigabait 825 aka rubuta, amma abin da ke samuwa kusan 667 ne. Siririyar mai faifai terabait 1 ce. Idan ta cika ana ƙara mata ma'ajiyar M.2 samfurin Gen4 mai ƙarfen sanyaya. Ma'ajiyar USB tana adana wasannin PS5 amma ba a buga su daga cikinta, na PS4 ne kawai ke tashi.

Buga wasa da mutane ta intanet yana bukatar biyan PlayStation Plus, ban da wasannin kyauta. Yana sabunta kansa ya ciri kuɗi, don haka ka kashe wannan idan ba ka so. Kafin ka sayi komai, akwai Astro's Playroom da ke zuwa a cikinta kyauta, da shi yara za su koyi riƙon hannu.

Sauti da kallo

Sifikar siraran talabijin ba ta da nauyi, doguwar sifika ta ƙarƙashin talabijin kan sauya falon gaba ɗaya. Haɗin da ya fi sauƙi: na'ura ta shiga talabijin, sifika kuma ta shiga ramin eARC. PS5 ba ta da ramin wayar haske ta optical, Series X ma haka, saboda haka mai tsohuwar sifika sai ya ɗauki sautin daga bayan talabijin. A wasu talabijin ramukan 2.1 biyu ne kacal, ɗaya kuma shi ne na eARC. Ka ba sifika shi, na'ura ta ɗauki ɗayan.

A cikin Sound, Audio Output, ka gaya mata abin da ka haɗa: talabijin, doguwar sifika, ko amfilifaya. Wajen zaɓen tsarin sauti kuma, idan eARC ne, Linear PCM ya wadatar, ko Dolby Atmos idan sifikar na ɗauka, wanda PS5 ta fara bayarwa a 2023. Idan tsohon ARC ne, zaɓi Dolby, don shi ba ya iya ɗaukar PCM fiye da sifika biyu. In ka ga baki na motsi murya na biyo baya, je saitin sautin talabijin ka sa Passthrough. Faifan fim kuma saitinsa daban ne: yana cikin tafiya ka danna Options, ka mayar da sautin Bitstream. Mai Xbox sai ya sauko da manhajar Blu-ray Player da ta Dolby Access tukuna.

Game da faifai, Blu-ray na Saudiyya da na Najeriya duk yanki B ne, na 4K kuwa ba shi da yanki. DVD ne ya bambanta, nan yanki 2, Najeriya yanki 5. Tsofaffin faifan bidiyo sidi na finafinan Hausa da na wa'azi da ke cikin durowa, PS5 ba ta karanta su, don ba ta cin sidi kowane iri. Ka kunna HDMI Device Link domin rimot ɗin talabijin ya riƙa juya YouTube da Netflix, iyaye mata ba sai sun yi fama da hannun gem ba. Da daddare kuma, saboda haƙƙin maƙwabta, a soka abin kunne mai waya a ƙasan hannun. Na Bluetooth na yau da kullum ba ya haɗuwa da ita kai tsaye.

Idan aka gama, akwai kashewa gaba ɗaya, akwai kuma Rest Mode, wanda fitila ke zama ruwan lemo tana cajin hannu da sauke wasanni. Muddin fitilar na kunne ko tana ƙiftawa, kada a zare filogi. Wanda zai tafi da ita hutu Kano ko Sakkwato, filogin zai shiga soket ɗin can, asusunsa na Saudiyya zai ci gaba da aiki, sai dai ya sayi katin kuɗi kafin ya tashi. A can kuma ya riƙa kashe ta gaba ɗaya saboda ɗauke wuta, ya haɗa ta da sitabilaiza ko UPS, musamman idan janareta ake tayarwa.