Yadda Kirista zai saba wa kansa da godiya a kan alheran yau da kullum

Kalmar "mun gode Allah" ba ta barin bakinmu, amma sau da yawa gaisuwa ce kawai, domin idan aka tsayar da mai faɗinta aka ce ya lissafa abubuwa uku da yake godiya a kansu, sai ya yi shiru yana lalube. Godiya aba ce da ake koyo, kuma Manzo Bulus da kansa, yana ɗaure a kurkuku, ya rubuta wa Filibiyawa a sura ta 4 cewa koya ya yi ya zauna da wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa.

Abu na farko shi ne ka riƙa kiran alherin da sunansa. A lokacin addu'ar safe, kafin ka jera roƙe-roƙenka, ka ambaci abubuwa uku da suka same ka jiya, kuma kada ka maimaita na shekaranjiya. Ka ce: ruwan da na tarar a randa da sanyinsa, ƙafar da ta kai ni gona ta dawo da ni, tarin da ya hana yaro barci makon jiya wanda daren jiya ban ji shi ba. Zabura 103 tana gargaɗin rai kada ya manta da alheran Ubangiji, sannan ta shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya, har da gafara da warkarwa da ƙosarwa. Ni a ganina wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, domin abin da mutum ya saba gani kullum shi ne idonsa yake fara tsallakewa.

Haka ya faru da Isra'ilawa a jeji. Shekara 40 manna, wato abincin da Allah ya ba su daga sama, tana sauko musu, ba su yi huɗa ba, ba su yi shuka ba, duk da haka a Littafin Ƙidaya sura ta 11 suka zauna suna kuka, suna tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, ƙasar da aka bautar da su. Abincin bai ragu ba, sabo ne ya rage masa daraja a idonsu. Saboda haka idan aka ajiye tuwo da miyar kuka a gabanka karo na huɗu a mako guda, kada ka yi addu'ar abinci da sauri kamar mai biyan haraji. Ka tuna damina da ta yi kyau, da wanda ya yi noman, da hannun da ya sha hayaƙi wajen tuƙawa, ka kuma ba yara dama su yi addu'ar bi da bi domin su taso da ita.

Daga nan sai ka koma wurin mutanen da Allah ya bi ta hannunsu. A Luka 17 kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya ne kaɗai ya komo, shi ma Basamariye, har Yesu ya tambaya ina sauran taran. Yaba kyauta tukwici ne. Ka zaɓi mutum ɗaya kowane mako, ko malamin makarantar Lahadi da ya koya maka karatu, ko maƙwabciyar da ta riƙe muku yara ranar da kuke asibiti, ka je ka faɗa masa abin da ya yi maka dalla-dalla.

Wadar zuci kuwa ba ta hana nema, kuma ba ta hana kuka a lokacin rashi. A 1 Tasalonikawa 5:18 an ce a yi godiya a cikin kowane hali, ba a ce a yi murna da masifa ba, don haka kada ka rufe bakin mai makoki da wannan aya. Abin da za ka yaƙa shi ne gwada rabonka da na wani, musamman idan ka lura cewa duk lokacin da ka gama kallon hotunan mutane a Facebook sai gidanka ya yi maka ƙanƙanta. Ranar da haka ta faru, ka ajiye wayar, ka karanta 1 Timoti 6:6-8 a kan abinci da sutura.

Ka kuma nemi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta waɗannan abubuwa uku da kwanan wata. Idan ranar godiyar kaka ta zo a majami'arku, ka buɗe shi ka karanta wa iyalinka tun daga shafin farko kafin ku ɗauki damin dawa ko kwanon gyaɗar da za ku kai gaba.