Yadda Ake Neman Lamunin Gida a Najeriya, da Yadda Ake Riƙe Gidan Bayan An Samu

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya duba takardar albashinsa da kyau zai ga wani ɗan layi inda ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari kowane wata da sunan Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF. Da yawa sun shekara goma ko fiye ana yi musu wannan yanka, suna zaune a gidan haya, ba su taɓa bin sawun kuɗin ba. An kafa asusun ne da doka a 1992, aka damƙa shi a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, domin mai zuba kuɗi ya samu rancen saye ko gina gida a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin tsawon lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. Hanyar tana da jinkiri da yawan takardu, amma a nawa ganin abin da ya fi kayar da masu nema shi ne abu biyu da suke hannunsu tun farko: lissafin abin da za su iya biya a wata, da ingancin takardar filin.

Mataki na farko: lissafi kafin a fara zagayen ganin gidaje

Kada ka kira dillali sai ka san ƙarfin aljihunka, domin idan ido ya riga ya ga gida zuciya ta kwanta da shi, lissafi ba ya ƙara shiga kunne. Ƙa'idar da masu ba da lamuni suke bi ita ce, biyan wata kada ya wuce sulusin abin da kake samu. Idan ka karɓi naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin ɗari na shekara 30, za ka riƙa biyan kusan naira 60,000 a wata, ke nan sai albashinka ya kai naira 180,000. Jimillar abin da za ka biya a ƙarshe ta haura miliyan 21 da rabi. Idan kuwa shekara 15 ne, biyan wata zai tashi zuwa kusan naira 84,000, amma jimillar ba za ta wuce miliyan 15 da 'yan kai ba.

Shekarunka suna cikin lissafin. Ana auna tsawon lamunin da abin da ya rage maka kafin ritaya, saboda haka mai shekara 45 da zai ajiye aiki yana da 60 ba zai samu shekara 30 ba, sai dai 15, kuma dole albashinsa ya ɗauki biyan da ya fi nauyi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa matashin ma'aikaci ya fara neman tun yau.

A gwada da bankin kasuwanci. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, rancen gida a irin waɗannan bankuna ya zarce kashi 20. Miliyan 10 ɗin nan a kan kashi 25 na shekara 15 za ta ci fiye da naira 210,000 duk wata. Ba na ba mai albashi shawarar ya kusanci irin wannan rance, sai in yana da wata hanyar samu tabbatacciya da za ta biya shi cikin ɗan lokaci.

Mataki na biyu: tabbatar da cewa kuɗinka suna isa asusun

Cirewa a albashi daban, isar kuɗin FMBN daban. Ka nemi lambarka ta NHF a ofishin albashi na wurin aikinka, sannan ka je reshen FMBN na jiharka a fitar maka da bayanin abin da aka zuba da sunanka. Idan akwai watannin da suka faɗi, a gyara su tun yanzu, domin sharaɗin neman lamuni shi ne zubi na aƙalla wata shida a jere. Tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2023, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, kuma ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana iya yin rajista da kansa. Wanda bai taɓa karɓar lamunin ba ana mayar masa da kuɗinsa da ƙarin kashi 2 cikin ɗari idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki.

Mataki na uku: takardar fili

A nan ne yawancin masu nema daga Arewa suke tsayawa. A unguwanninmu an saba cinikin fili ko gida da takarda guda: an rubuta ta da biro a gaban mai unguwa, mai sayarwa da mai saye sun sa hannu, shaidu biyu ko uku sun dangwala, an naɗe ta a leda an ajiye a ƙasan akwati. Tsakanin maƙwabta wannan takarda tana da daraja, kuma sau da yawa ita ke raba gardama. Banki kuwa ba ya karɓarta a matsayin jingina, domin abin da yake so shi ne shaidar da za ta ba shi ikon sayar da gidan bisa doka idan biya ya gagara.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ce ba a jinginar da fili mai takardar gwamnati ko a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamnan. Ke nan abin da ake bukata shi ne takardar shaidar mallaka, wadda kowa ya fi sani da C of O, ko kuma takardar sauya mallaka da aka yi wa rajista bayan samun wannan amincewa. A Kano hukumar KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS.

Kafin ka ba da ko sisi, ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda mai gidan ko dillali ya kawo ba, ya je ya yi bincike a rajistar filaye. Abin da zai duba shi ne ko sunan da ke kan takardar ya dace da na mai sayarwa, ko an riga an jinginar da gidan a wani bankin, ko akwai shari'a a kansa, ko filin yana cikin wurin da gwamnati ta ware wa hanya ko makaranta. Gidan gado yana bukatar ƙarin kula, domin sa hannun babban wa kaɗai bai isa ba. A ga takardar rabon gado daga kotu, a kuma tabbatar dukkan magada, har da mata da waɗanda suke zaune a wani gari, sun yarda da cinikin. Kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka auna shi da asarar da yake karewa.

Idan ginawa za ka yi a filinka, sai ka haɗa da zanen gini da hukumar tsara birane ta amince da shi, da ƙiyasin kuɗin aiki daga ƙwararre. Idan saye ne, bankin zai nemi rahoton ƙwararren mai ƙima, kuma a kan ƙimarsa za a ba da rance, ko da farashin da kuka daidaita da mai gida ya fi haka.

Mataki na huɗu: kuɗin kafin alƙalami

A tsarin NHF rancen da bai wuce miliyan 5 ba ba ya bukatar ka ajiye komai, wanda ya haura haka kuma ana neman kashi 10 cikin ɗari daga aljihunka. Shekaru da dama iyakar lamunin miliyan 15 ce, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Ban da wannan akwai kuɗin lauya, da na mai ƙima, da harajin hatimi, da kuɗin rajistar jingina, da inshorar gobara da ta rai. Ka tambayi jimillarsu a rubuce tun kafin ka fara.

Mai asusun fansho yana da wata ƙofa. A Satumban 2022 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusunsa ba wajen biyan kafin alƙalamin gidan zama, muddin an yi masa zubi na wata 60 kuma saura masa aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma miji da mata suna iya haɗa nasu. Sai dai a tuna cewa kuɗin tsufa ne ake taɓawa, abin da aka cire yau zai rage fanshon gobe.

Mataki na biyar: miƙa takardu da karanta sharuɗɗa

Lamunin NHF na sayen gida ana nemansa ne ta hannun bankin jinginar gidaje mai lasisi wanda FMBN ta amince da shi. Za su nemi takardun albashi na watannin baya, da bayanin asusun banki, da shaidar biyan haraji, da wasiƙar wurin aiki, da takardun filin. Za su kuma duba tarihinka a hukumomin tattara bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral, saboda haka ƙaramin rancen da ka ci ta manhajar waya ka manta da shi yana iya tsayar da komai. Ka biya shi, ka karɓi shaidar biya.

Idan wasiƙar tayi ta fito, ka kai wa lauyanka kafin ka sa hannu. A duba ko ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka, da tarar jinkiri, da ko akwai caji idan ka so biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adi.

Mutane da yawa a cikinmu ba za su karɓi rance mai ruwa ba ko da kashi ɗaya ne, kuma wannan matsayi ne da ya cancanci girmamawa. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna bin hanyoyin da fiƙihu ya sani: ko banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka ƙayyade tun farko, ko ya ba ka haya da za ta ƙare da mallaka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa sannu a hankali. Ka tambayi wanne ne a ciki, ka tambayi jimillar abin da za ka biya, domin rashin kuɗin ruwa ba ya nufin araha.

Mataki na shida: rangwamen haraji

 A Najeriya ana cire wasu kuɗaɗe ne daga abin da za a yi wa haraji. A ƙarƙashin dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a 1 ga Janairun 2026, zubin NHF da ruwan rancen da aka gina gidan da mai shi yake zaune a ciki duk suna cikin abin da ake cirewa. Wanda harajinsa ya kai matakin kashi 18 kuma ya biya ruwa na naira 500,000 a shekara zai samu sauƙin naira 90,000. Ba a yin wannan sai ka nema, don haka ka karɓi bayanin ruwan da ka biya daga banki kowace shekara ka miƙa wa ofishin albashi ko hukumar harajin jiharka.

Mataki na bakwai: sauya tsohon lamuni da sabo

Wanda ya ci rance mai tsada yana iya neman wani mai sauƙi ya biya na farkon da shi. Ba a yin wannan da lamunin NHF, domin an keɓe shi ga saye da gini da gyara. Kamfanin sabunta lamunin gidaje na Najeriya, NMRC, da aka kafa a 2013 shi ma ba ya hulɗa da ɗaiɗaikun mutane. Bankuna yake sabunta wa lamuni don su samu kuɗi na dogon zango. Abin da ya rage maka shi ne ka nemi bankinka ya rage ruwan, ko ka koma wani. Ka haɗa dukkan kuɗin sauyin, har da sabuwar rajistar jingina da tarar biya da wuri, ka raba da sauƙin da za ka samu a wata. Idan sauyin zai ci naira 600,000 kuma zai rage maka 50,000 a wata, cikin shekara guda ka mayar da kuɗinka. Ka yi hattara da tayin da ya rage biyan wata ta hanyar ƙara shekaru kawai, domin jimillar ƙaruwa take yi.

Mataki na takwas: idan biya ya fara gagara

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma albashi yana iya tsayawa ko ciwo ya shigo gida ba tare da sakacin mutum ba. Babban kuskure shi ne kashe waya da guje wa wasiƙun banki. Ka rubuta musu tun kafin watan farko ya kuɓuce, ka bayyana dalili tare da shaida, ka nemi ɗaya daga cikin abubuwan da suke iya yi: ɗage biya na wasu watanni, tsawaita wa'adi, ko yafe tarar da ta taru. Duk abin da aka amince a kai a sa shi a rubuce. Kwashe kuɗi zuwa wani banki ba mafita ba ne, domin tun Agustan 2020 Babban Banki ya ba da damar a bi lambar BVN a ciro bashin da ya wuce wa'adi daga sauran asusun mai shi. Kada kuma ka ci rancen manhajar waya don toshe na gida, ruwansa ya ninka wanda kake gudu.

Ka duba inshorar da ka biya tun farko, domin idan mai rancen ya rasu ita ya kamata ta ɗauki ragowar, kuma dole iyali su san inda takardarta take. Idan kana ganin an yi maka cajin da ya wuce ƙa'ida, ka fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin, in bai warware ba ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Idan ta tabbata gidan ba zai riƙu ba, ka nemi izinin banki a rubuce ka sayar da shi da kanka, domin farashin kasuwa ya fi na gwanjo, kuma duk abin da ya saura bayan an cire bashi da kuɗin ciniki naka ne. Ko ta wannan hanya ko ta kammala biya aka rufe lamunin, ka karɓi takardar sakin jingina tare da asalin takardun fili, a kai ta rajistar filaye a soke sunan banki, in ba haka ba gidan zai ci gaba da zama jinginanne a littafin gwamnati.