Yadda na yi hayar motar kwana a Sifen, da abin da ya kamata ka sani kafin ka yi

Ni mutumin Ƙofar Kaura ne a Katsina, kuma kafin wannan tafiyar, tuƙi mafi nisa da na saba yi shi ne Katsina zuwa Kaduna. Da muka yanke shawarar zagaya Andalus, yankin kudancin Sifen, ni da uwargida da yara biyu, sai na yi hayar irin motar nan mai gado da murhu da banɗaki a ciki. Kwana tara muka yi, daga Malaga zuwa Garnaɗa, Kurɗuba, Sabiliya, muka dawo. Tuƙin bai ba ni wahala ba, domin a hannun dama suke bi kamar mu. Ruwa da tsayin motar su suka gasa mini aya a hannu.

Takardu tukuna. Bizar Shengen, wato bizar shiga Sifen da yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun a gida, ka haɗa shi da naka na Najeriya, don ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Ka zaɓi motar da ba ta wuce kilo 3,500 ba, ita ce lasisin ƙaramar mota yake ɗauka. Sannan kamfani zai riƙe kuɗin jingina a katinka, ni Yuro 1,500 aka riƙe mini. Ka rubuta musu tun kana Katsina ka tambaya ko za su karɓi irin katin da kake da shi. Da yawa sai katin bashi suke so, kuma ba a gaban kanta da yara a bayanka ya kamata ka fara jin haka ba.

Kilishi kuwa, bar shi gida. Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi. Mu garin kuka da yaji da daddawa muka ɗauka, nama kuma muna saye a shagunan halal na 'yan Maroko. Amma buta, kada ka kuskura ka manta ta.

Yanzu ga maganar ruwa. Tankinmu lita 100 ne. Da mutumin kamfanin hayar yake nuna mini, a raina na ce ai wannan sai mu yi sati. Ashe lissafinsu ba lissafin mai alwala sau biyar ba ne. Mutum huɗu, ga wanke-wanke, ga tsarki, washegari da la'asar famfo ya fara tari. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ruwan naka na sati ya ƙare." Daga ranar muka koma dabarar gida: a tara a buta, a yi alwala a waje, kada a bar famfo a sake. Duk kwana biyu kuma mu shiga wurin da aka tanadar wa irin motocin, a cika tanki, a zubar da ruwan wanka a magudanarsa, a zare akwatin masai a juye a raminsa na daban. Aikin nan ba shi da daɗi, kuma na maigida ne, kada ma ka sa ran wani zai karɓe ka. Ka sayi safar hannu.

Wajen kwana akwai wata ƙa'ida mai ban mamaki. Idan ka ajiye mota inda aka yarda a ajiye, kana iya barci a cikinta. Amma da ka fito da kujera ko ka buɗe rumfa, ka zama mai kafa zango, ana iya cin tararka. Mu da muka saba shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan magariba, sai mun danne zuciya. Wasu garuruwan bakin teku ma sun fi haka tsanani, saboda haka ka karanta allo.

Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari. Tamu ta kusa mita 3. A Garnaɗa na biye wa taswirar waya ta kai ni wani lungu da ko Keke Napep sai ta yi dabara, reshen bishiya ya karce rufin, aka yanke mini kuɗi a jingina. Ka ajiye mota a bayan gari ka hau bas. Haka muka je Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, wadda tikitinta sai ka saya makonni kafin ka zo, muka kuma yi sallah a masallacin unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003. Tsohon masallacin Kurɗuba coci ne yanzu, ba a barin Musulmi ya yi sallah a ciki, don haka ka yi taka kafin ka shiga kallo. A Sabiliya na daɗe a gindin hasumiyar Giralda, wadda asalinta ta masallaci ce, ina tuna Gobarau ta Katsina.

A gidan mai, motar dizal take sha, su kuma gasóleo suke ce masa. Gasolina fetur ne. Ka karanta sau biyu kafin ka ɗaga bututu.

Ranar karɓa ka zagaya motar da bidiyo, har rufi, wanda ni ban ɗauka ba. Ranar mayarwa ka kai ta da tankin mai a cike, masai a wanke, kuma ka isa da awa guda a hannu, don sai sun ƙirga har cokula.