Yadda Ake Yanka Gefen Motar Kwana a Sa Taga

Motar kwana ita ce motar da ake gyarawa don a riƙa kwana a cikinta. Fara awo daga cikin motar, domin a can ake ganin ƙarafan da ke riƙe da jikinta, kada zarto ya taɓa su. Zana girman tagar, ka huda kusurwoyi huɗu, ka manna tef a waje kada fenti ya karce. Yanka da zarton lantarki mai ƙananan haƙora. Kada ka yi amfani da giranda, tana ƙona fenti.

Share garin ƙarfen nan take, in ya kwana sai tsatsa. Goge bakin yankan, shafa maganin tsatsa da firama (shafen farko da ke sa gam ya kama), su bushe. Zagaya bakin yankan da gam na polyurethane mai tudun milimita 10, ba tsinkewa, mahaɗar gam ɗin ta kasance a ƙasa, don ta sama ruwa ke shiga. Danna gilashin, riƙe shi da tef, motar ta huta awa 24.