Yadda Ake Amfani da Past Simple Ba Tare da "I Didn't Went" Ba

Na daɗe ina duba littattafan 'yan sakandare, kuma kuskure ɗaya ne ke ta dawowa kamar zazzaɓin damina: "I didn't went to school." Yaro ya san went, ya san didn't, sai ya cusa su a jimla ɗaya. A nan zan fi tsayawa, amma bari mu bi abin daki-daki.

Da farko ka tabbata aikin ya faru, ya ƙare, a lokacin da aka sani. Duk inda ka ga yesterday, last week, two days ago, ko shekarar da ta riga ta wuce, to galibi past simple ne: "Nigeria became independent in 1960." Tarkon Bahaushe shi ne "na gan shi" ɗinmu tana iya zama "I saw him", tana iya zama "I have seen him". Da zarar jiya ta shigo, have ta fita. "I saw him yesterday", shi ke nan.

Na biyu, ka liƙa -ed a ƙarshen aikatau: walk ya koma walked. Stop yana ninka baƙinsa, stopped. Study ya zama studied, amma play yana nan played saboda wasalin da ya zo kafin y. Wajen furuci kuma, don Allah a daina cewa "wokid". Sai aikatau ya ƙare da sautin t ko d, irin wanted da needed, ake jin wannan ƙarin gaɓar. Walked gaɓa ɗaya ce, "wokt".

Na uku, masu taurin kai, wato aikatau ɗin da ba sa karɓar -ed: go da went, buy da bought, teach da taught, eat da ate. Cut da put ko motsi ba sa yi. Read rubutunsa ɗaya, sai dai a furta shi "red". Waɗannan babu wata dabara sai hadda. Kada ka ɓata kuɗinka kan littafi na musamman, jerinsu yana bayan yawancin ƙamus ɗin ɗalibai. Biyar a rana, da ƙarfi, yadda muka yi a makarantar allo.

To, ga inda ake faɗuwa. Idan za ka kore magana ko ka yi tambaya, did ce ke shigowa, kuma ita ke ɗauke lokacin gaba ɗaya. Aikatau sai ya sauke kayansa, ya koma yadda yake a ƙamus. Abin mamaki, nan ne Turanci ya fi kama da Hausa. Mukan ce na tafi, zan tafi, nakan tafi: tafi bai canja ba, ƙaramar kalmar gabansa ce ke faɗin lokaci. Haka did take. "I went" amma "I didn't go". "She bought rice" amma "Did she buy rice?" Ni dokata a aji ita ce, dako ɗaya ba ya buƙatar 'yan dako biyu. In ka rubuta did, ka ɗora yatsa a kan aikatau ɗin da ya biyo baya. Ka ga -ed, ko went, ko bought? Goge. Na sha ganin ɗalibin da ya haddace masu taurin kai sama da hamsin yana zubar da maki a rubutun wasiƙar gwajin WAEC saboda wannan kawai. Haddar ce ma ke ruɗinsa, don bakinsa ya riga ya saba da went.

Was da were ba su da ruwa da did. I, he, she, it suna ɗaukar was, sauran were. "He wasn't there", "Were you late?" Kada in ji "Did you were".

Yau da dare ka rubuta abu biyar da ka yi jiya, ka kore kowanne, sannan ka mai da shi tambaya.