Kafin ku sayi fakej ɗin abin sha a jirgin ruwa na yawon hutu

Jama'a masu shirin tafiya a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ga 'yar shawara. Fakej ɗin abin sha da kamfanonin jiragen suke ta tallatawa, wato a biya kuɗin abin sha a dunƙule, kuɗinsa kowace rana ne ga kowane mutum, kuma yawanci ba a sayen na kwana biyu kawai, sai dai na duk tafiyar. To ku zauna ku yi lissafi tukuna, don ranar da jirgi ya tsaya a tasha kuna gari tun safe har yamma, kun biya kuɗin ranar amma abin sha nawa kuka sha?

Ni dai da na duba, ruwa da shayi da kofi na wajen bufe kyauta ne, abin da ake caji shi ne lemon kwalba, jus ɗin da ake matsewa a gabanka da kofi irin na mashin. In ba ka shan giya kar ka yarda a ɗora maka babban fakej, akwai ƙarami na lemo kawai. Wasu kamfanonin ma in mutum ɗaya ya sayi na giya to dole duk manyan da ke ɗakin su saya.

Sannan akwai kuɗin hidima, kashi 18 zuwa 20 cikin 100 da ake ƙarawa a kai, ga na ma'aikata da ke shiga asusun ɗakinku kullum. Katin ɗaki ake miƙawa ba tsabar kuɗi ba, shi ya sa mutum ba ya jin zafin kashewa sai daren ƙarshe. Ku riƙa duba asusun a manhajar jirgin.